Hani Kaɗai Ba Zai Raba 'Ya'yan 'Yan Arewa Da Tekun Ikko Ba

Kowace shekara idan aka sauko daga Idi, ko na Ƙaramar Salla ko na Babba, akan ga samari daga Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago sun cika motoci sun nufi bakin teku yawon Salla. Waɗansunsu a Ikko aka haife su, waɗansu kuwa watanni kaɗan ke nan da saukarsu daga motar shanu ko ta albasa. Da yawa daga cikinsu ba su iya iyo ba, ba su kuma san halin ruwan da suke tsoma ƙafa a ciki ba. Duk wanda ya daɗe a Kurmi ya taɓa jin labarin yaron da ya fita da sababbin kayansa na Salla, aka kwana biyu ana jiran teku ta dawo da gawarsa.

Idan irin wannan ta faru, abin da iyaye da manyan zango kan yi shi ne su kafa doka, su ce daga yau kada a kuskura a ga ƙafar yaro a bakin teku. Dokar takan yi wata ɗaya ko biyu tana aiki. Da wata Sallar ta zagayo sai yaran su sulale su tafi a ɓoye, watau sun tafi ke nan ba babba a tare da su, ba kuma wanda ya san inda suke. To, ashe hanin bai rage haɗarin ba. Ra'ayin da ake so a kawo a nan shi ne, tun da yake zama ya kama jama'a a garin da ruwa ya kewaye, ya kamata a koya wa yara iyo, a kuma bar masu sha'awa su koyi wasan nan na hawan raƙuman ruwa a kan allo, a fara da ƙananan raƙuma masu laushi, cikin abokai, a gaban wanda ya san teku.

Maganar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin shekarar 2021 kaɗai mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna. A wannan shekara ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli don tunatar da mutane rigakafin nutsewa a ruwa. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, wajen 180 daga ciki a Jihar Ikko suke. Akwai 'yan Arewa a bakin wannan gaɓa kullum, masu tsire da masu shayi da masu jan dawakin haya da masu gadin gidaje. Wanda abincinsa yake a bakin ruwa ba a ce masa ya nisanci ruwa.

Ba wai mutanen Arewa baƙin ruwa ba ne. Sarkawa sun gaji su tun kaka da kakanni, kuma tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, inda ake gasar iyo da nutso da tseren kwale-kwale a Matan Fada. Yaron da ya tashi a Yawuri ko a bakin Tafkin Chadi ko kusa da madatsar Tiga yakan iya iyo tun yana ƙarami. Amma fa kogi daban, teku daban. Kogi gefe ɗaya yake gudu, mai iyo ya san inda ruwa zai kai shi. Teku kuwa tura mutum take yi ta kuma janye shi, tana cikowa tana komawa sau biyu a kwana guda, kuma wurin da ruwa ya tsaya a gwiwa da safe yana iya shanye mutum da la'asar. Sau da yawa wanda ya iya iyon kogi shi ya fi shiga haɗari, domin shi ne ba ya jin tsoro.

Raƙuman da ke dukan gaɓar Ikko daga nesa suke zuwa. Guguwa ce ke tayar da su can a kudancin tekun Atlantika, su yi tafiyar dubban kilomitoci, sai sun iso inda ƙasa ta taso kusa da gaɓa sa'an nan su miƙe su karye. Sun fi girma da damina, daga wajen watan Afrilu zuwa Oktoba, su lafa da hunturu. Mai ga-ruwa ya san nauyin jarka mai cin lita 25. To, ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, jarka 40 ke nan, watau tan guda. Raƙumin da ya kai tsayin mutum yana ɗauke da irin wannan akwati masu yawa, kuma da gudu yake tafe. Shi ya sa ƙato majiyi ƙarfi zai tsaya yana dariya a ruwa iya cinya, kafin ya ankara an kwashe masa ƙafafu.

Abin da ya fi kashe mutane ma ba dukan raƙumin ba ne, komawar ruwan ce. Ruwan da raƙuma suka tara a bakin gaɓa dole ya koma, sai ya sami wata 'yar hanya tsakanin tudun yashi ya bi ta da ƙarfi kamar kwata bayan ruwan sama. Wurin yakan yi kama da ya fi ko'ina kwanciya, domin raƙuma ba su cika karyewa a nan ba, sai baƙo ya ga ai nan ne ya fi dacewa da wanka. Wanda wannan ruwa ya ja, idan ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo gaɓa kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare ya nutse, ko da gwanin iyo ne. Dabarar ita ce mutum ya natsu, ya kwanta a kan ruwa, ya ɗaga hannu a gan shi, ya yi iyo gefe, watau a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga hanyar, domin ba ta da faɗi sosai. Wannan ilmi bai fi a koyar da shi cikin rabin sa'a ba, amma yaron da aka hana zuwa teku a ina zai ji shi?

Ita kanta gaɓar Ikko tana da tarihin da ya kamata a sani. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka jibge duwatsu a bakin mashigin tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe hanya. Yashin gaɓar nan daga yamma yake tafiya zuwa gabas, sai duwatsun suka tare shi. Gefen gabas ya rasa yashi, teku ta yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru, har aka zo aka cike wurin ana gina sabon garin Eko Atlantic. A watan Agusta na 2012 teku ta yi toroƙo a Kuramo ta kwashe fiye da mutum 10. A gefen yamma kuwa, a tsakanin duwatsun, sai aka sami wani lungu mai kariya, shi ne Tarkwa Bay, wanda sai da jirgin ruwa ake zuwa. Duwatsun suna rage ƙarfin raƙuma kafin su shigo lungun, shi ya sa masu koyon hawan raƙumin ruwa suka fi zuwa can.

Shi wannan wasa, mutum ne zai kwanta rub da ciki a kan wani dogon allo mara nauyi, ya yi tuƙi da hannuwansa, idan raƙumi ya taho ya ɗauki allon sai ya miƙe tsaye ya bi shi har gaɓa. Mutanen tsibirin Hawayi ne suka yi suna da shi, musamman wani gwaninsu mai suna Duke Kahanamoku, wanda ya ci lambar zinariya ta iyo a wasannin Olamfik na 1912, ya kuma yi yawo yana nuna wasan a Amurka da Ostireliya. An fara gasarsa a Olamfik a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021.

Waɗansu za su ce ai wannan wasan Turawa ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. Wani malamin tarihi Ba'amurke mai suna Kevin Dawson ya nuna a littafin da ya fitar a 2018 cewa tun cikin shekarun 1640 wani Bature ya rubuta labarin yara masu wasa da allo a teku a gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau. A 1834 kuma wani hafsan soja, James Alexander, ya ga yara a Akra suna shiga teku da 'yan alluna a ƙarƙashin cikinsu, su jira raƙumi ya kawo su gaɓa. A yau ana wasan a Ngor ta Dakar, da Busua ta Gana, da Robertsport ta Laberiya. A Senigal, ƙasar da yawancin jama'arta Musulmi ne, 'ya'yan masunta ne suka fi ƙwarewa a kai, har wata 'yarsu mai suna Khadjou Sambe ta zama mace ta farko a ƙasar da ta mai da shi sana'a.

Me ya sa aka ce a fara da ƙananan raƙuma? Domin da rarrafe yaro kan tashi. Kafin a taɓa allo ma, sai yaro ya koyi iyo a wurin iyo na gini ko a ruwa mai kwanciya, ya iya kwanciya rigingine a kan ruwa ba tare da firgita ba, ya iya tsayuwa a inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Bayan haka sai a kai shi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, inda raƙumi ya riga ya karye ya zama farin kumfa mai gangarowa a hankali. Allon mai koyo na soso ne, tsawonsa ƙafa 8 ko 9, mai faɗi, ba ya nutsewa, in ya bugi mutum ba ya fasa kai. Akan ɗaure shi a idon sawu da igiyar roba don kada ya tsere wa mai shi. Da farko a kwance ake bin kumfar, sa'an nan a durƙushe, sa'an nan a tsaye. Za a faɗi sau ɗari, amma faɗuwa ce a ruwa iya ƙugu, a tashi ana dariya.

Amfanin wannan faɗuwa ya wuce dariya. Yaron da ƙaramin raƙumi ya birkice shi sau da yawa ya san ɗanɗanon ruwan gishiri a hanci, ya san yadda ake riƙe numfashi a kare kai da hannuwa, ya san cewa in ya natsu ruwa zai sake shi. Firgita ce ke nutsar da mutum kafin gajiya. Bugu da ƙari, mai wannan wasa ba ya faɗawa ruwa da zuwansa. Sai ya zauna a kan yashi ya ɗan daɗe yana kallo: ina raƙuma ke karyewa, ina ruwa ke komawa, teku cikowa take ko janyewa, daga ina iska ke busowa. Wasan da ke koya wa saurayi ya zauna ya duba kafin ya shiga, lalle ba wasan banza ba ne.

Batun abokai kuwa shi ne ginshiƙin abin. Ƙa'idar farko a wajen masu wasan ita ce ba a shiga teku a kaɗaice. Idan samari biyar suka je da allo ɗaya, ɗaya yana kan allo, ɗaya yana tura shi, sauran suna gaɓa suna kallo, to, an sami masu gadi ke nan. Wannan kallo yana da muhimmanci domin mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a sinima. Bakinsa yana shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kira, cikin ɗan lokaci kaɗan sai a neme shi a rasa. Sai idon da ke kansa ne zai gane. Abokan kirki kuma su ne za su san cewa ba a faɗawa ruwa a rungumi mai nutsewa, don kada a yi asarar biyu. Jefa masa abin da zai riƙe ake yi, ko allon, ko igiya, ko jarkar da ba kome a ciki an rufe bakinta, a kuma kira masu ceto.

Akwai wata ƙa'ida kuma, raƙumi ɗaya mutum ɗaya, wanda ya fi kusa da inda ya fara karyewa shi ke da shi, saura su jira nasu. A nan ake koyon haƙuri da bin layi. Yaron Agege da ɗan masuncin Tarkwa Bay da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo duk a layi ɗaya suke jira, teku ba ta tambayar kowa garinsu. Ga al'ummar da take zaune a ƙasar baƙunta, wadda ƙaramin saɓani a kasuwa kan zame mata babbar fitina, duk wurin da 'ya'yanta za su yi abota da 'ya'yan masu gari abin maraba ne.

Amma dole a faɗi ɗaya gefen, domin abokai suna kai mutum su baro. Zuga ita ce babbar cutar samari, a ce wane ya shiga can ciki, kai me kake tsoro. Bayan Tarkwa Bay kaɗan akwai gaɓar da ake kira Lighthouse, inda ba kariyar duwatsu, raƙuma suna faɗuwa da dukan ƙarfinsu. Ba wurin mai koyo ba ne, kuma duk abokin da ya ja ɗan'uwansa can don a gwada jarunta ba aboki ba ne. Shi ya sa ba a cewa a saki yara su kaɗai. Tilas a sami babba a cikinsu, a kuma sami mai koyarwa daga mutanen wurin, wanda in ya ce yau teku ba ta shiguwa, magana ta ƙare.

Iyaye suna da hujjojinsu, kuma ba a raina su ba. Na farko shi ne tarbiyya, cewa bakin teku wurin tsiraici ne da giya da kaɗe-kaɗe. Gaskiya ne akwai wannan, musamman da yamma da ranakun biki. Amma masu hawan raƙumin ruwa da sassafe suka fi fita, lokacin da iska ba ta taso ba, ruwa yana kwance, 'yan shagali kuwa suna barci. Saurayi yana iya yin Asuba ya kama hanya, ya sa wando mai rufe gwiwa da riga, ya dawo kafin Azahar. 'Yan mata su ma akwai kayan iyo masu rufe jiki duka, a sama musu mace mai koyarwa da lokacinsu na daban, domin ruwa ba ya tambaya mace ce ko namiji. Malamai kuma sun san an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umurni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki.

Hujja ta biyu ita ce kuɗi da lokaci, cewa nema aka zo yi Kurmi. Haka ne, allo yana da tsada, ga kuɗin jirgi. Amma ba sai kowa ya mallaki nasa ba, akwai na haya, kuma samarin da ke iya haɗa kuɗi su sayi ƙwallo da rigunan kulob ba za su kasa yin adashen allo ɗaya ba. Safiyar Lahadi ɗaya a wata ba ta karya jarin kowa. A auna wannan da kuɗin neman gawa da na kai saƙon rasuwa gida. Iyon da yaro ya koya a Ikko kuma da shi zai koma Arewa. Mutanen Kano ba su manta da jirgin da ya kife a Bagwai a watan Nuwamba na 2021 ba, wanda yawancin waɗanda suka rasu a ciki ɗaliban Islamiyya ne.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa ajali in ya yi kira ko gwani ne sai ya tafi, ko kuma teku tana da mutanenta waɗanda sukan karɓi rabonsu duk shekara. Ajali gaskiya ne, amma ba wanda ya ƙi ɗaure akuyarsa don ya dogara ga ƙaddara. Abin da ake kira jan mutanen ruwa kuwa, sau da yawa komawar ruwan nan ce da aka bayyana a sama, wadda ake iya ganinta da ido a kauce mata.

Hukuma ita ma tana da nata laifin. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay daga gidajensu, bisa zargin ana fasa bututun mai a yankin. Dubban mutane suka rasa matsuguni, cikinsu har da samarin da suka fi kowa sanin wannan ruwa, waɗanda su ne malaman masu koyo kuma su ne masu ceto in an shiga uku. Wasan bai mutu ba, amma an yi masa rauni. A gefen Lekki kuwa gaɓa da yawa ta koma hannun 'yan kasuwa, sai an biya kuɗin ƙofa kafin a ga teku. Yaron da ba shi da kuɗin shiga sai ya zagaya can inda ba shinge, inda kuma ba mai ceto, ba tuta, ba allon gargaɗi. Ya kamata Gwamnatin Jihar Ikko ta keɓe wuraren da talaka zai shiga kyauta, ta sa masu ceto da aka horar, ta kafa allunan gargaɗi da harsunan da jama'a ke ji, har da Hausa, da zane don wanda bai yi karatu ba.

Sauran aikin na jama'a ne. Sarakunan Hausawa na zanguna da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi suna iya ɗaukar nauyin samari goma-goma a koya musu iyo, su kuma su koya wa na bayansu. Makarantun Islamiyya suna iya gayyato mai koyar da ceto ya yi wa ɗalibai bayani mako ɗaya kafin Salla. Limamai su tunatar a huɗubar Idi. Duk wanda zai hau jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay ko wani wuri ya sa rigar ruwa, kamar yadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar ta wajabta, kada kuma ya yarda da tafiyar dare. Samari su kuma su gaya wa na gida inda za su da lokacin da za su dawo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bahaushe ba ya ɗora ɗansa a kan ingarma ranar farko, akan fara masa da doki mai sanyin hali, babba yana riƙe da linzami, har ranar da za a sakar masa ya yi sukuwa a hawan Salla. Haka ya kamata a yi da raƙumin ruwa. Yaran nan za su je bakin teku, an so ko ba a so ba. Abin da ya rage wa iyaye shi ne su zaɓa, ko su je a ɓoye cikin jahilci, ko su je da sani da izini da abokan kirki. Allah ya kiyaye zuri'a, ya sa a koma gida lafiya.